Furen da suka jefa a teku

Tawa, 21 ga Agusta

Aminina Isufu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan sai godiya. Hatsi ya yi kyau a gonar Baba, sai dai yau kwana shida sama ba ta zubo ba, idon kowa yana gabas. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ka samu mai dama maka fura a Tulon ɗin, can bakin tekun Faransa.

Bidiyon da ka turo mini ranar 15 ga wata bai buɗe ba sai tsakar dare, rezo ya yi ta wasa da hankalina. Da ya buɗe kuwa na kalle shi ya fi sau biyar. Na ga sojojin ruwan nan jere a bakin jirgi, fararen kaya tas, da ƴar hularsu mai jan tuntu a tsakiya. Na ji usur, na ji begila, sannan kowa ya yi tsit. Sai wani tsoho mai lambobi fal ƙirji ya tako da kyar, aka riƙe masa hannu, ya jefa furanni cikin ruwa. A ƙasa ka rubuta: "Nasara da ɓarnar kuɗi, wai fure a teku!" Na yi dariya da farko. A kallo na biyu dariyar ta maƙale, don Kaka Soja ne ya faɗo mini a rai.

Ai ba ka manta shi ba, mai korar mu daga gindin bedi da sanda yana ihun "gardabu!" Mu a lokacin tsoho ne kawai mai faɗa da jar dara da ta koɗe. Sai bayan tafiyarka, da ciwon ƙafa ya zaunar da shi ni kuma nake kwana ɗakinsa, na ji labarin daga bakinsa. Mai gari ne ya ba da shi, yana saurayi, lokacin da Faransa ke neman sojoji. Ɗan Adar ne da bai taɓa ganin ruwan da ya fi tabki ba, ko na Tabalak bai sani ba. A Dakar aka tura su cikin jirgi. Ya ce kwana uku yana amai, yana leƙen gabas da yamma ko zai hangi itace ɗaya, babu. Har alƙibla ta ɓace musu, kowa ya fuskanci inda zuciyarsa ta ba shi.

A cikin tafiyar nan wani abokinsa ya rasu, zazzaɓi ne ba harsashi ba. Suka yi masa sallah a tsaye jirgi na tangaɗi da su. Kaka yana jiran a kai gaci a haƙa kabari, sai ya ga ma'aikatan jirgin sun ɗinke gawar cikin tamfol, sun sa mata ƙarfe wajen ƙafafu, sun ɗora a kan katako. Aka busa usur, aka karkata katakon. Ya ce ƙarar faɗawar ba ta fi ta guga a rijiya ba, ruwa ya rufe kamar ba a yi komai ba. Mutumin da ya ga yaƙi da idonsa, wannan ne abin da ke tashe shi da dare. Yakan ce: "In uwarsa ta ce in nuna mata inda ɗanta yake, ina zan nuna?"

To ka ga abin da ya sa ban ga ɓarna a furen nan ba. Ba al'adarmu ba ce, mu addu'a muka sani da sadaka. Amma wanda nasa ya tafi ƙarƙashin teku ba shi da tudun ƙasar da zai tsaya a kai, dole ya tsaya a bakin ruwa.

Ranar da kuke biki kuwa ranarsu Kaka ce. A 15 ga Agusta 1944 ne, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen ƙasashen ƙawance suka fara sauke sojoji a gaɓar kudancin Faransa, wajen Kabaler da San Rafayel. Rundunar Faransa da Janar de Lattre ya jagoranta ta kai mutum dubu 250, kuma mafi yawansu daga Afirka aka kwaso su. Namu baƙaƙe duk ana kiran su ƴan Senegal, ko kai Bahaushe ne ko Bazabarme ko ɗan Mosi. Su Kaka sun biyo ta tsibirin Korsika, kuma suna cikin waɗanda suka ƙwato garin da kake zaune kafin watan ya ƙare. Da sanyi ya kawo jiki aka janye baƙaƙen daga fagen daga, aka miƙa kayansu da bindigoginsu ga samarin Faransa. Ranar 1 ga Disamba ta shekarar, a Caroye kusa da Dakar, aka buɗe wuta a kan sojojin Afirka, tsofaffin fursunonin yaƙi, da suka nemi kuɗinsu. Kaka ba ya can, amma ko sunan wurin aka ambata sai ya tofar da yawu.

Zancen fansho kuma ka sani. A 1959 Faransa ta daskarar da shi, ta daina ƙara wa namu, Bafaranshen da suka kwanta rami ɗaya yana karɓar ninkin-ba-ninkin. Sai wajen 2007 aka fara gyarawa, lokacin Kaka ya shekara huɗu a ƙasa. Na taɓa raka shi wani ofis a Yamai, muka wuni a kan benci, da la'asar aka ce hoton katinsa ya tsufa, mu dawo wani mako. Ya gyara darar nan, ya ƙame, ya sara wa akawun da bai kai jikansa ba. Har muka hau mota bai ce uffan ba.

Shi ya sa manyan bukukuwan ba sa burge ni sosai. A 2014 na kalli shugabannin Afirka a tele, zaune a kan katon jirgin nan Charles de Gaulle mai ɗaukar jiragen sama, jiragen yaƙi na wucewa ɗaya bayan ɗaya. A 2024 ma an yi na shekara 80, Paul Biya na Kamaru ya yi jawabi. Mu kuma nan sojojinsu sun tattara sun bar ƙasar tun Disamba 2023, yanzu in ka ɗauko zancen tsofaffin sojan Faransa a fada, wurin shan shayi, sai a yi maka wani kallo. Can sun zama abin ado na rana ɗaya, nan kuma ba a son jin labarinsu. Tsohon nan na bidiyonka dai na yarda da shi, hannunsa rawa yake.

Ga roƙona. Akwai maƙabartar sojoji a Buluris, gefen San Rafayel, ba nisa daga gare ku a jirgin ƙasa. De Gaulle, shugaban Faransa na lokacin, ne ya buɗe ta a 1964, mutum 464 ke kwance ciki. Ran da ba ka aiki ka je, ka bi layin a hankali, duk sunan da ka ga ya yi kama da na gida ka ɗauko mini hotonsa, ka yi musu Fatiha. A Firejus kuma, nan kusa, akwai jan ginin da aka yi wa sojojinmu da siffar masallacin Jenne na Mali, Misiri ake kiransa. Kaka ya sha ambatonsa, ina son in gan shi ko a waya ne.

In ka tashi zuwa hutu, ka ɗebo mini ruwan tekun a ƴar kwalba. Inna har yau ba ta yarda cewa gishiri gare shi ba, ta ce ƙarin tsohon ne kawai.

Ka gaida iyali. Su Hamza na fada suna gaishe ka, sun ce bashin shayinsu yana nan.

Naka,
Mamman