Na kai Kawu inda aka haifi Inna

Birnin Kebbi, daren Laraba

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya Legas, ya Maman Biyu da yara? Mu nan hunturu ya sauka da ƙarfinsa, ba a fita Asuba sai da rigar sanyi. Na san ka yi fushi, saƙonka uku na gani ban amsa ba, har da wanda kake tambayar filin Badariya. Wannan sai wani lokaci. Bari dai in fara sauke abin da ya cika min ciki tun ranar Lahadi, don ya fi ƙarfin saƙon waya.

Na kai Kawu Yauri. Ba Yelwa kaɗai ba, har tsakiyar ruwa, har inda aka haifi Inna.

Ka san tun ranar addu'ar arba'in ɗinta yake faɗin yana so ya ga gungunsu kafin shi ma tasa ta zo, ni kuwa kullum ina cewa sai an sami sarari. Ranar Juma'a ya zo gidana da jakarsa a hannu, ya zauna a zaure, bai ce komai ba. Asabar da sassafe muka kama hanya.

Kalgo, Jega, muka karya kudu. Mun sha shayi a Koko. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama: yashin namu ya ragu, sai ɗorawa da kaɗanya, giginya jere a bakin fadamu, can gaba tsaunuka suna leƙowa ta cikin hazo. A yi tafiya mai nisa ba gari, sai rugar Fulani ɗaya da shanu suna ƙetare titi. Direba bai yarda ya yi wasa da lokaci ba, ka san hanyar nan ba a son dare ya riski mutum. A Yelwa muka kwana, gidan 'yar Gwaggo.

Washegari muka sauka bakin ruwa. Kai da ka taɓa rantsewa ba za ka sake shiga kwalekwale ba don an ƙetara da kai Dukku, da nan aka kawo ka sai an ɗaure ka da igiya! Yanzu kana ta cika mana baki da teku, alhali na san daga kan gada kake kallonsa. Kwara ba Dukku ba ce. Da hazon nan ma ba ka ganin ɗaya gaɓar, ruwa da sama sun zama abu ɗaya. Na yi mamakin cikarsa ana tsakiyar rani, mai jirgin ya ce ai sau biyu kogin ke kawo ruwa a shekara. Na damina fari ne, mai laka. Wannan kuwa baƙin ruwa ne, daminar ƙasar Gini ce, sai ya ratsa Mali da Nijar wata da watanni kafin ya iso, ya baro lakarsa a hanya. Na sa hannu, wallahi kana ganin yatsunka tangaran.

Jirgi ne na katako mai inji a baya, muka ɗauki shatarsa mu uku da ɗan Kawu. Muka wuce Zamare, Rofia na can ƙetare a jihar Neja, ruwa ya yi ta buɗewa. Ciyawar burgu shimfiɗe kore shar a gefe, balbela a kanta kamar an shanya fararen kaya. Garken kirinjijiya ya tashi a gabanmu da kukansu. Sarkawa biyu a ƙaramin kwalekwale, ɗaya na tuƙi, ɗaya ya jefa birgi ya buɗe a sama kamar faifai. Wani wuri mai jirgi ya rage wuta ya yi kwana mai faɗi, ya nuna min da haɓa: dorina ce, kunnuwa da hanci kawai a waje. Ba wanda ya yi magana har muka yi nisa. Kuma idonsa kullum na kan ruwa saboda kututture, don itatuwan da tafkin Kainji ya cinye suna nan tsaye a ƙasa, su ne ke fasa cikin jirgi.

Kawu yana da shekara goma sha ɗaya lokacin da aka gama madatsar Kainji a 1968. Sama da mutum dubu arba'in aka tayar, har tsohuwar Busa ta tafi, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, wanda muka haddace a firamare ba mu san a ƙofar gidan kakannina ba ne. Gwamnati ta gina musu gidajen siminti masu rufin baka a tudu, mun ga wasu daga cikin jirgi. Kawu ya ce gidan bai dame su ba, ƙasar ce. A gungu albasa suke yi a bakin ruwa, ga kifi a ƙofar ɗaki. A tudu kuwa sai jiran sama.

Mun fi awa biyu muna tafiya sai ya ɗaga hannu ya ce a kashe inji. Ya dubi wani dutse a gabas, ya juya ya dubi wani a yamma, ya ce a ɗan matsa da filafili. Sannan ya ce, "Nan ne."

Mutumina, babu komai. Ruwa ne kawai yana bugun katako. Amma ya riƙa nuni da yatsa kamar yana tsakar gida: nan tsamiya take, nan dutsen niƙan kakarmu, nan Inna ta faɗi ta sami tabon nan na goshinta, can maƙabarta. Ya ɗebi ruwan ya wanke fuska. Daga nan Hausa ta ƙwace masa, ya koma Gunganci, mai jirgin yana amsa masa, su biyu suna ta yi, hawaye na bin gemun Kawu. Ni ina zaune ban tsinci ko kalma biyar ba. Harshen da Inna ta yi mana wasa da shi muna goye ke nan, ban taɓa cewa ta koya min ba, 'ya'yana kuwa ko sunansa ba su sani ba. Wannan ne ya hana ni barci. Muka yi wa mamata Fatiha, aka tayar da inji.

Af, kafin in manta, Dogo zai ƙara aure bayan ƙaramar Sallah, kuma wadda kake zato ce. Ya ce in ba ka zo ba kada ka ƙara kiransa. Mai shayinmu na Makera ya koma sayar da shinkafa, har ya yi tumbi.

A hanyar dawowa muka yi kiciɓis da jirgin kasuwa: buhuna, babura, awaki, mata da goyo, bakinsa saura kamar taki ɗaya ya sha ruwa. Ko mutum ɗaya ba mai rigar kariya. Mu ma biyu ne kacal a jirginmu, duk sun yage. Gabana ya faɗi, na tuna jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 da mutum sama da ɗari. A ruwan nan ne, mutanen nan ne, dangin Inna ne.

To ga abin da nake so. Ka shiga kasuwa ka tambayo min kuɗin rigunan nan masu kyau, na manya da na yara. Ina so mu fara da ashirin, in kai wa Sarkin Jirgi da hannuna. Ka faɗa wa 'yan ajinmu da ke can, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Kuma na yi magana da Kawu, duk Juma'a bayan La'asar zan riƙa kai masa yara yana koya musu, ni ma in zauna da littafina. Jibi za mu fara da gaisuwa.

Ka shirya ka zo lokacin Rigata, bikin ruwa na Yauri, mu koma tare, za ka sami riga ɗaya a cikin ashirin ɗin. Na aiko maka da busasshen giwan ruwa ta hannun ƙanen Maman Biyu, rabi na Hajiya ne, kada ka cinye.

Ka gaishe da kowa. Ina jiran farashin.

Naka,
Na Inna