A daina saurin yi wa had-dis fomat

Assalamu alaikum Edita, ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Don Allah a ba ni ɗan fili in ja hankalin 'yan uwana masu tura finafinai a waya da masu ɗaukar hoton biki nan Gusau da Ƙaura Namoda, har da ɗalibai masu tara karatunsu cikin had-dis ɗin nan na waje da ake jonawa da kebul.

Abin da ke ba ni haushi, da mutum ya kai shi shago ya ce kwamfuta ba ta ganin shi, kafin ya rufe baki wani yaro zai ce Alhaji sai dai fomat, alhali fomat ɗin nan, wato goge duk abin da ke ciki, shi ne ƙarshen magana, in aka yi shi hotunan bikin mutane sun tafi, kai da amarya sai kotu.

A fara da kebul tukuna, sau da yawa shi ne ya mutu. Ƙananan had-dis ɗin nan ba su da caja, daga ramin USB suke shan wuta, ramukan gaban kwamfutar tebur kuma wani sa'in wutarsu ba ta isa, a gwada na baya. Sannan a kasa kunne. In yana juyawa sumul to da sauran rai, in kuwa ka ji ƙas ƙas ƙas, cire shi nan take, allurar da ke karatu ce ta samu matsala, duk jonawar da ka ƙara tana iya karce faifan ne kawai, kuma don Allah kar wani ya kwance shi cikin shago, ƙurar garin ga kaɗai ta isa ta ƙarasa shi.

In ba ƙara, a buɗe Disk Management, wato wurin da Windows ke nuna faifan da ke jone da kwamfuta. Wani lokaci yana nan zaune, harafi ne kawai Windows bai ba shi ba, ka ba shi E ko F shi ke nan. In ya nuna RAW, wato Windows bai gane tsarin ajiyar da ke kansa ba, yawanci an fizge shi ana kwafar fayil ko an ɗauke wuta, to kar a taɓa fomat ko da ya nema, akwai manhajojin ceto fayil TestDisk da PhotoRec kyauta, a kwashe kayan zuwa wani had-dis daban. Masu Mac kuma ku sani had-dis mai tsarin ajiya na NTFS, karanta shi kawai Mac yake yi, ba ya rubutu a kai, tsarin exFAT ne Windows da Mac duka ke ɗauka. Tsarin FAT32 kuwa fayil in ya kai giga 4 ba ya shiga.

To bayan kaya sun fita in ya ƙi fomat ɗin, sai diskpart, wata manhaja ce cikin Windows da ake rubuta wa umarni, a rubuta list disk, a zaɓi lambarshi da select disk, sannan clean, wanda ke share shi. A nan fa a natsu, lamba ɗaya ka kuskure wani faifan zaka share. In duk ya ƙi, a duba lafiyarshi da manhajar CrystalDiskInfo, in ya nuna Bad to ya gaji, ko kuma jabu ne tun asali, irin waɗanda ake rubuta wa tera 2 ana saida su kuɗin filas. Manhajar H2testw na tona asirinsu, dillalin da ya hana ka gwadawa kafin ka biya, ni dai ba na sayen nashi.

Na gode Edita, Allah ƙara basira.

Naku mai karatu,
daga Tudun Wada, Gusau