A yi hattara da masu fakewa da binciken ƙwayoyin hanji suna sayar da maganin ciwon sukari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni fili a shafinku na wasiƙu domin in yi tsokaci kan wata magana da ta fara yawo a bakin jama'a a nan Kaduna, wato cewa likitocin Turai sun gano ciwon sukari daga hanji yake tasowa, saboda haka duk wanda ya wanke cikinsa ya rabu da shi. Na ji ta a lasifikar masu tallar magani a bakin kasuwa, na kuma gan ta a saƙonnin WhatsApp. Akwai ƙanshin gaskiya a cikinta, kuma wannan ne ya sa ta fi ƙarya tsagwaronta hatsari.

Gaskiyar da ke ciki ita ce, hanjin kowane mutum mai lafiya, musamman babban hanji, cike yake da ƙwayoyin bakteriya, waɗanda wani ƙiyasi na shekarar 2016 ya ce sun kai kimanin tiriliyan 38 a jikin baligi. Mafi yawansu ba cuta ba ne, aiki suke yi mana. Akwai ɓangaren abinci da cikinmu ba ya iya narkarwa, irin su dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye, kuma idan ya gangara babban hanji waɗannan ƙwayoyi ne ke cinye shi, su fitar da wasu sinadarai, ciki har da wanda ake kira butiret. Shi butiret shi ne babban abincin bangon hanji, yana taimaka masa ya kasance da ƙarfi yadda gubar wasu ƙwayoyi ba za ta riƙa tsallakawa cikin jini tana haddasa kumburi a hankali ba. Irin wannan kumburi na ɓoye yana cikin abubuwan da ke sa jiki ya daina jin umarnin insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya shigar da shi tsoka da hanta. Haka kuma sinadaran nan suna zaburar da hanji ya saki wani sinadari mai suna GLP-1, wanda ke ƙara fitar insulin bayan cin abinci, yana kuma sa mutum ya ji ya ƙoshi.

A shekarar 2012 mujallar Nature ta wallafa binciken da aka yi kan mutum 345 a ƙasar Sin, inda aka ga masu ciwon sukari nau'i na biyu, wato wanda ya fi kama manya, suna da ƙarancin ƙwayoyin da ke samar da butiret. Bayan shekara guda aka ga makamancin haka a wasu tsofaffin mata 145 a Suwidin. Sai dai a 2015 wasu masana suka nuna cewa wani kaso na bambancin da aka gani ba daga ciwon ya fito ba, daga metformin ya fito, maganin da yawancin masu ciwon suke sha, domin shi ma yana sauya ƙwayoyin hanji. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya yi taka-tsantsan, domin ganin abu biyu tare bai tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. A birnin Amsterdam ma an gwada ɗaukar ƙwayoyin hanjin siraran mutane a sanya wa masu ƙiba, kuma bayan mako 6 jikinsu ya ƙara jin insulin, amma da aka sake dubawa a wani gwaji na 2017, zuwa mako 18 amfanin ya gushe. Idan wannan ne iyakar abin da asibitin jami'a ya samu da kayan aikinsa, ina mai kwalba a bayan mota ya samo tabbacin warkarwa cikin kwana bakwai?

Abin da ya fi damuna shi ne, maganin wankin ciki da ake tallatawa akasin abin da binciken ke nunawa yake yi. Ƙwayoyin nan ciyar da su ake so a yi, ba a kore su da zawo ba. Mai ciwon sukari da ya ajiye maganin asibiti ya koma shan abin da ke sa gudawa yana iya rasa ruwan jikinsa alhali sukarinsa na hawa, kuma wannan hanya ce da ke kai mutum ga suma da lalacewar ƙoda. Kusa da wannan akwai ɗabi'armu ta shiga kemis mu sayi kafso ko Flagyl da zarar ciki ya murɗa, ba tare da takardar likita ba. Waɗannan magunguna ba sa tantance mai amfani da mai cutarwa, kuma hanji kan ɗauki makonni ko watanni kafin ya farfaɗo daga ɓarnarsu.

Akwai wani bincike da nake ganin ya fi sauran kusa da mu. A 2010 masana daga Italiya suka kwatanta hanjin yaran wani ƙauye a Burkina Faso da na yaran birnin Florence. Abincin yaran ƙauyen gero ne da dawa da wake da ganyaye, wato kusan abin da kakanninmu suka rayu a kai, kuma an same su da ƙwayoyi iri-iri masu cin dusa da zare, tare da yawan sinadaran nan masu amfani fiye da na yaran Turai. Yaran da aka duba ba su da yawa, kuma ba ciwon sukari aka je nema ba, amma duk wanda ya dubi kwanon gidansa a Tudun Wada ko Kawo ko Unguwar Rimi yau zai ga ta wane ɓangare muke tafiya. Da safe shayi da burodi, da rana farar shinkafa ko taliya, a kora da lemon kwalba. Ko tuwon da ya rage, sai an surfe hatsin tas an ba dabbobi dusar. Furar da a da ake damawa da nono kawai yanzu sai an zuba mata sukari cokali uku, haka kunun zaƙi da zoɓo.

Ba ina cewa tuwon dawa magani ba ne, domin wanda ya cika kwano da shi sukarinsa zai hau kamar yadda zai hau da shinkafa. Abin nufi shi ne a rage malmala a ƙara miya, a dawo da wake da ɗanwake da alale, da kwaɗon zogale da rama, da miyar kuka da kuɓewa, a kuma bar hatsi da ɗan dusarsa. Duk waɗannan suna nan a Kasuwar Barci da kasuwar Sheikh Gumi, kuma sun fi kwalaben ƙwayoyin hanji da ake shigowa da su daga waje araha nesa ba kusa ba.

Sai batun matakin da ke gaban ciwon, wanda mutane da yawa ke ciki ba su sani ba saboda ba ya zuwa da wata alama. A ma'aunin ƙungiyar ciwon sukari ta Amurka, idan aka auna jini da safe kafin a ci komai aka samu tsakanin 100 da 125, ko 5.6 zuwa 6.9 a ɗaya ma'aunin da ɗakunan gwajinmu suka saba da shi, mutum yana bakin ƙofa. Daga 126, ko 7.0, idan an maimaita aka sake samun haka, ciwon ya tabbata. A wannan mataki ne gyara ke da tasiri sosai. Wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa a 2002 ya nuna cewa masu wannan hali da aka ɗora kan rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage hatsarin kamuwa da kashi 58 cikin 100, alhali metformin ya rage da kashi 31. Wannan tabbataccen ilimi ne da ya riga maganar ƙwayoyin hanji, kuma har yanzu babu abin da ya ture shi.

Ina da kira ga malaman jami'o'inmu. Babban nazarin ƙwayoyin hanji da ciwon sukari da mujallar Nature Medicine ta wallafa a 2024 ya haɗa samfuri sama da 8,000 daga Amurka da Turai da Isra'ila da Sin, babu Afirka a ciki. Ƙwayoyin hanji kuwa suna bambanta gwargwadon abinci da muhalli, don haka abin da aka gani a cikin Basine ba lalle ya dace da cikin mai cin tuwo da daddawa ba. Muna da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika da na Barau Dikko a cikin gari, kuma masu ciwon sukari ba su yanke a layukansu ba, saboda haka ya dace a nemi kuɗin yin irin wannan bincike a kan mutanenmu.

Ku kuma, Edita, ina roƙon kafin 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya, ku aika wakilinku ya zauna da likitan wannan fanni da masanin abinci su yi wa jama'a bayani da Hausa, ku kuma binciki ko magungunan da ake tallatawa da lasifika suna da rajistar NAFDAC, da abin da aka yi musu rajistar a kansa. Haka nan ku wallafa wuraren da talaka zai iya zuwa a auna masa sukari da kuɗi kaɗan a cikin Kaduna da kewaye.

Na gode.

Naku,
Wani mai karatu,
Tudun Wada, Kaduna