Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni a taron iyayen yara

Assalamu alaikum Alhaji, ina fata an wuni lafiya, ya iyali ya kasuwa.

Ranar Asabar a taron iyaye da malamai ka miƙe gaban kowa kace, Malama, yaran nan lissafi bai zauna musu ba, turanci bai zauna ba, ga WAEC ta ƙarato, to me yasa kike ɗaukar firiyod guda kina musu zancen makafi da guragu da kurame, su waɗannan ba suna da tasu makarantar ba? Lokaci ya ƙure, shugaban taro yace a tashi, ban samu na amsa ba, kuma naga iyaye da yawa suna gyaɗa kai, shi yasa nace bari in rubuta inda kowa zai gani, tunda a gaban kowa aka yi tambayar. Wallahi ban ji haushi ba, uba ne ke son ɗansa ya ci jarrabawa, nima abin da ya fito dani daga gida kullum kenan.

Bari in fara da abin da ya sa na soma. Shekaru uku da suka wuce akwai wata yarinya a ajina na SS1, shan inna ya taɓa mata ƙafa tun tana ƙarama, da sanduna biyu take tafiya, kanta kuwa yana ja sosai, musamman a kimiyya. Ajinsu a saman bene yake. Kullum sai ta riga kowa zuwa don ta hau matattakala a hankali kafin a cika, idan an fita birek ita bata saukowa, kuma sai daga baya na gane ko ruwa bata sha tun safe don kada fitsari ya kama ta, saboda banɗakin yana can bayan makaranta kuma babu abin dafawa. Duk wannan tana jurewa. Abin da ya kore ta shine ƴan ajinsu, ba wai duka ko zagi ba, a'a, kawai idan an ce a kasu gida-gida don aikin rukuni babu mai kiran sunanta, idan ta wuce wasu su kwaikwayi tafiyarta, masu kirkin cikinsu kuma sai dai su ce Allah sarki su ba ta alewa su wuce. Zango na biyu bata dawo ba. Na je har gida, mahaifiyarta tace tace ta gaji. Har yau abin yana cina a rai, saboda yaran nan ba mugaye bane, ni na san su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya taɓa zaunar dasu ya nuna musu ne, kuma nima ina cikin waɗanda basu nuna ba.

Kaga Alhaji, tausayi kam muna dashi, ba a fi Bahaushe ba da sadaka ba, ranar Juma'a ka duba bakin masallaci. Amma yaronmu ya tashi bai san makaho a ko'ina ba sai da ƙoƙo a hannu da ɗan jagora a gaba, bai san gurgu ba sai a kan danja, to idan ya ganshi a kan benci ɗaya dashi sai ya rasa yadda zai yi, ko ya yi dariya ko ya ji tausayi, bai san akwai ta uku ba, wato ya ɗauke shi abokin karatu wanda za a ari biro a wajensa a yi musu dashi har a yi faɗa a shirya. Wannan ta ukun ita nake koyarwa.

Batun suna da tasu makarantar, eh akwai, ga ta Tudun Maliki nan a Kano, ga makarantar makafi ta Gindiri a Filato da aka buɗe tun 1953, kuma suna aikin da mu bamu iya ba, su ke koyar da rubutun makafi da maganar hannu tun daga tushe. Amma guda nawa ne, kuma yara nawa zasu ɗauka? Hukumar Lafiya ta Duniya tace kusan kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya suna da wata naƙasa, wajen mutum biliyan 1.3 kenan. Yarinyar da na baka labari bata buƙatar wata makaranta daban, aji a ƙasa take buƙata da ƙawaye. Haka yaro zabiya da ke ajina yanzu, idonsa baya gani daga nesa, rana kuma tana ƙona masa fata har tana iya jawo ciwon daji, abin da yake so bencin gaba ne da izinin sa hula mai faɗi da riga mai dogon hannu a taron safe, shikenan. Akwai ma waɗanda ba a gani da ido, yaron da kunnensa ɗaya baya ji ana ta ce masa daƙiƙi ko mai taurin kai, da mai farfaɗiya da idan ta faɗi kowa ya watse ana cewa kar a taɓa yawunta ana ɗauka, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta, abin yi shine a kawar da benci daga kusa da ita, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kanta, a juya ta gefe, kada a cusa mata cokali ko komai a baki. Wannan kaɗai ai ya isa firiyod guda.

Kuma ban fita daga manhaja ba, darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa nake koyarwa, ana kuma yin jarrabawarsa. A watan Janairun 2019 shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya, dokar tace wanda ya nuna wariya za a iya cin sa tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida, kamfani kuma naira miliyan 1, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara yadda keken guragu zai shiga. Shekara biyar ɗin ta cika tun farkon 2024, dan Allah Alhaji ka duba bankuna da ofisoshi da ma masallatan unguwarku ka ƙirga guda nawa aka yi wa gangara. Waɗanda zasu zana gine-ginen gobe, su zama nas-nas da masu ɗaukar aiki da limamai, su ne ke zaune a gabana yanzu suna shekara 15, 16, ɗanka yana ciki, kuma shi yace min injiniya yake son zama.

Yadda nake yi ba wani abu bane mai tsada. Da farko na gwada abin nan na ɗaure wa yara ido da ƙyalle su zaga aji, sai naga tsoro kawai suke koya, suna cirewa suna cewa kai gara mutuwa da makanta, na daina. Yanzu sai in gayyato masu abin su yi magana da bakinsu. Wani malami makaho ya zo da allon rubutunsa da ɗan tsinken hudawa, ya nuna musu yadda ɗigo shida kacal na Louis Braille, mutumin Faransa, suke ba da kowane harafi, ya sa waya ta karanta masa saƙo, yace shi ma JAMB ya rubuta kamar kowa, sannan ya koya musu cewa ba a fizgar hannun makaho, tambaya ake, idan ya yarda shi zai riƙe gwiwar hannunka, kuma idan kana da magana dashi kayi dashi ba da ɗan rakiyarsa ba. Yaran da suka saba surutu ranar ko tari babu. Mun koyi gaisuwa da maganar hannu. Na ba su labarin gasar naƙasassu ta Rio a 2016 inda ƴan Najeriya suka kwaso zinare 8, a shekarar da masu lafiyar suka dawo daga gasar Olympics da tagulla ɗaya tak ta ƙwallon ƙafa. Na tuna musu Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabin da suratu Abasa ta sauka a kansa, wanda yake kiran salla tare da Bilal, kuma Annabi (SAW) ya sha barin Madina a hannunsa idan zai yi tafiya. Duk sun haddace surar a islamiyya, amma da yawansu basu taɓa haɗa ta da yaron da ke bencin gaba ba.

Aikin ƙarshe da na basu, suka ɗauki tef ɗin awo suka zaga makaranta, suka auna faɗin ƙofofi da tsayin dakali, suka lissafa tsawon gangarar da za a yi a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, malamin lissafi ya duba musu, suka rubuta wa firinsifal takarda da turanci, ka ga lissafin da turancin da kake nema sun shigo. Ɗanka ne ya riƙe tef ɗin, ka tambaye shi.

Firinsifal ta amince a sauko da ajin da duk yake da irin wannan ɗalibi ƙasa, saura gangarar, yaran sun ce buhun siminti shida da yashi zasu isa, birkila ma uban ɗaya daga cikinsu ne yace zai yi kyauta. Ranar Alhamis ƙarfe goma wata mata kurma mai ɗinki zata zo da mai fassara, ina gayyatarka Alhaji ka zo ka zauna a bayan aji ka gani da idonka, in ka ga ɓata lokaci ne ka faɗa min a taro na gaba zan saurara. Idan kuma da hali ka taho mana da ko buhu ɗaya ne, muna so a gama kafin 3 ga Disamba, ranar masu naƙasa ta duniya, ina so in koma gidan yarinyar nan in gaya wa mahaifiyarta an gyara.

Na gode, a gaida mutan gida.
Malamar ajin ɗanka.