Zuwa ga Ummi, kan shirin rediyon da kike shirin ƙi

Assalamu alaikum, Ummi.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan sai godiyar Allah. Ƙafar takwararki Hajiya ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida shan hantsi.

Maganar da muka fara a waya ran Juma'a ce ta hana ni sakat. Kin ce gidan rediyo sun neme ki ki riƙa yin shiri kan taurari da sararin sama da Hausa, sau ɗaya a mako, kuma kina shirin ba su haƙuri, don wani na gaba da ke a sashenku ya ce wannan aikin 'yan surutu ne, mai bincike na gaske ba ya zubar da girmansa a kai. Ban ce miki komai ba a lokacin, don waya ba wurin doguwar magana ba ce. Yau na buɗe kwabata na ciro littattafai 3 na ɗaure miki, duk na mutum ɗaya ne, Carl Sagan, masanin taurari ɗan Amurka. Ina so ki karanta su kafin ki ba mutanen nan amsa.

Na farko, Cosmos, ya girme ki nesa ba kusa ba. A gefen titi na saye shi wurin mai tsofaffin littattafai, ina sabon malami, bangonsa a yage, wani ya ɗiga masa manja a shafukan farko. A lokacin ina koyar da kimiyya yadda aka koya mini: in cika allo da Turanci, yara su kwafa, su haddace, su amayar ranar jarrabawa. Har tarar kwabo muke cin duk yaron da aka kama yana Hausa a aji. Ban manta wani yaro ɗan aji ɗaya da ya ɗaga hannu ya tambaye ni, cikin in'ina, me ya sa in yana tafiya da dare wata ke bin sa. Na ce masa wannan ba ya cikin manhaja, ya zauna. Bai sake ɗaga hannu a ajina ba har ya bar makarantar. Fiye da shekara 30 ke nan, abin yana nan a raina kamar ƙaya.

Shi Sagan irin wannan yaron ne, sai dai shi ya dace. An haife shi a unguwar Brooklyn ta birnin New York a 1934, mahaifinsa baƙo ne daga yankin Yukren, ma'aikacin masana'antar ɗinki. Yana ƙarami ya yi ta tambayar manya mene ne taurari, suna ce masa fitilu ne a sama. Amsar ba ta ƙosar da shi ba. Mahaifiyarsa ta tura shi laburare, ya ce yana son littafin taurari, matar da ke wurin ta miƙo masa littafin taurarin fim. Ya ce ba shi ba. Da ta kawo na gaskiyar, a nan ya karanta cewa kowane tauraro rana ne irin tamu, nisa ne ya ƙanƙantar da shi, ranarmu kuma tauraro ce da ke kusa. Wannan jimla ɗaya ita ta ja shi har Jami'ar Chicago, inda ya gama digirin dakta a 1960.

Abin da ya kama ni a littafin tun farkonsa labarin wani mutumin Iskandariya ne ta Masar, Eratosthenes, mai kula da babban laburaren birnin fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya ji cewa a wani gari can kudu, inda Aswan take yanzu, a yini mafi tsawo na shekara, da rana tsaka, sanda in an kafa ta ba ta da inuwa, ana kuma ganin rana a ƙasan rijiya. Sai ya kafa tasa sandar a Iskandariya a irin wannan rana, ya ga tana da inuwa. In da ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma, da duk biyun sun zo daidai. Ya auna karkatar ya samu kamar digiri 7, wato kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Tsakanin garuruwan biyu kimanin kilomita 800 ne. Ki ninka 800 sau 50. Kilomita 40,000, kewayen duniya ke nan, da sanda da inuwa da tunani.

Na karanta wannan da fitilar ƙwai, na ajiye littafin na yi tagumi. Mu da muka tashi muna ganin ladan yana duba inuwa don sanin zawali, mu da rana ke tsayawa a tsakar kanmu sau biyu a shekara har inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, me ya hana a koya mana wannan da abin da muke gani kullum? Washegari na ari taɓarya a gidan makwabta, na kafa ta a filin makaranta, na fito da yara rana, muka yi bayanin da Hausa. Ranar ce na fara zama malami.

Kada ki ɗauka mutumin marubuci ne kawai. Kafin duniya ta san fuskarsa sai da ya yi aikin da 'yan'uwansa masana suka san shi da shi. Zara ɗin nan tamu, matar wata, wadda muke gani tana ƙyalli bayan magariba, shi yana cikin waɗanda suka fara bayanin cewa iskar kabon mai kauri ce ta lulluɓe ta tana riƙe zafin rana, har doronta ya wuce digiri 450, zafin da ke narkar da dalma. Kumbunan da aka tura daga baya suka tabbatar. Ya kuma nuna cewa sauyin launin da ake gani a duniyar Mars ƙura ce iska ke kwasa, ba tsiro ba. Da hannunsa a ayyukan kumbuna da dama na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Na faɗa miki wannan ne don ki san sharaɗin farko: mai yi wa jama'a bayani dole ya zama yana da abin a hannunsa. In kin karɓi shirin nan kika saki bincikenki, to maganar malaminku ta tabbata a kanki.

Kuma ba zan ɓoye miki ba, abin da malamin nan ya faɗa ba sabo ba ne, an yi wa Sagan irinsa, har ya ji a jikinsa. Jami'ar Harvard ta ƙi tabbatar masa da kujera, ya tattara ya koma Jami'ar Cornell a 1968, can ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Littafinsa The Dragons of Eden ya ci kyautar Pulitzer a 1978. Shirin talabijin na Cosmos mai kashi 13 ya fito a 1980, aka kalle shi a ƙasashe kamar 60, mutane ɗaruruwan miliyoyi. Duk da haka, a 1992 da aka gabatar da sunansa don shiga majalisar manyan masana kimiyya ta Amurka, ƙuri'a ba ta kai ba. Da yawa daga masu tarihinsa suna ganin farin jininsa wurin talakawa ne ya zama masa laifi. Bayan shekara 2 majalisar nan dai ta ba shi lambarta ta hidimar jama'a. Don haka ki shiga da idonki a buɗe. Za a yi da ke a ofis. Wani zai ce son suna ne, wani ya ce mace ce ta samu makirfo. Ni dai na auna, na ga abin da za a samu ya fi abin da za a rasa.

Ki tuna daren nan na watan Agustan 2014, lokacin Ebola. Kina gida. Tun kafin asuba waya ke ta ƙara, 'yan'uwa na kusa da na nesa, kowa na cewa a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Masu digiri ne suka yi ta tura saƙon. Mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu, ba Ebola ce ta kashe su ba. Littafi na biyu da na aiko miki, The Demon-Haunted World na 1995, don irin wannan dare aka rubuta shi. A ciki ya ba da wani misali da ban taɓa mantawa ba. Mutum ya ce maka akwai dodo mai aman wuta a garejinsa. Ka leƙa ba ka ga komai ba, ya ce ai ba a ganinsa. Ka ce a barbaɗa gari a ƙasa a ga sawunsa, ya ce ai a iska yake yawo. Ka ce a auna zafin wutar, ya ce wutarsa ba ta da zafi. Ka ce a fesa masa fenti, ya ce ba shi da jiki. Duk gwajin da ka kawo yana da hanyar zillewa. To me ya raba wannan dodo da babu? Ki saurari masu tallar magani da lasifika a tasha, maganin da ke warkar da cuta arba'in, za ki ji dodon nan da Hausa. Mutanenmu ba wawaye ba ne, su suka ce gani ya kori ji. Abin da suka rasa shi ne wanda zai zauna ya nuna musu yadda ake gwada magana, da harshen da suke tunani da shi, ba tare da ya raina su ba.

A wannan littafin ne kuma na ga abin da ya fi ƙara masa daraja a idona. A 1991, da aka cinna wa rijiyoyin man Kuwaiti wuta, ya fito a talabijin ya yi hasashen hayaƙin zai iya hawa sama sosai ya ɓata noma har kudancin Asiya. Abin bai kai haka ba. Da hannunsa ya rubuta a littafin cewa ya yi kuskure. Ummi, wata rana za ki faɗi abin da ba daidai ba a iska, dubban mutane suna ji. Mako mai zuwa ki buɗe shirin da gyara. In an tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce za ki bincika, ki kuma bincika ɗin.

Akwai inda muka raba hanya da shi, kuma gara ki ji daga bakina. Mutumin bai yi imani ba, yana cewa bai ga hujjar da ta gamsar da shi ba, kuma za ki ci karo da wannan a shafukansa. Ke ba yarinya ba ce, kin san addininki. Ni na karanta shi shekara da shekaru, ban ga abin da ya rage mini a salla ba. Alƙur'ani da kansa ya tambaye mu ko ba mu duban raƙumi yadda aka halicce shi, da sama yadda aka ɗaukaka ta. Ki ɗauki awonsa da hanyarsa ta bayani, ki bar masa abin da yake nasa. A shirin kuma ki tsaya inda iliminki ya tsaya. Ki yi bayanin yadda jinjirin wata ke samuwa da dalilin husufi, hukuncin ganin wata kuwa akwai masu shi.

Na uku shi ne Pale Blue Dot na 1994. Sunan ya samo asali daga wani hoto. Kumbon Voyager 1, wanda aka harba a 1977, ya gama aikinsa a duniyoyin da aka aike shi, yana ficewa, Sagan ya dage sai an juyo da kyamararsa baya. Ranar 14 ga Fabrairu 1990, daga nisan kilomita kusan biliyan 6, ya ɗauko duniyarmu. Ɗigo ce shuɗi-shuɗi, ko ƙwayar gero ta fi ta a kan takardar. Na nuna wa Hajiya hoton, na ce mata nan muke, da Makka da Madina da gonarmu duk a ciki. Ta kawo shi kusa da idonta, ta daɗe tana kallo, ta yi tasbihi, sannan ta tambaye ni: to me ke riƙe da ita? Na yi iyakar ƙoƙarina. Ke za ki fi ni amsa mata.

A jikin kumbon nan akwai wani faifai mai ruwan zinariya wanda kwamitin da Sagan ya shugabanta ya tsara, da hotuna da kiɗe-kiɗe da gaisuwa cikin harsuna 55, ko da wani zai tsince shi wata rana. Na bi jerin harsunan da yatsa. Akwai Larabci, akwai Farisanci, har da harsunan da suka mutu dubban shekaru. Babu Hausa. Ban zargi kowa ba, a gurguje suka haɗa shi da waɗanda suka samu kusa. Amma ya zauna mini a rai cewa harshen da miliyoyin mutane ke kwana da tashi da shi ba shi da wakili a ɗakin da ake irin wannan magana. Kalmomin ma sai an ƙera wasu. Muna da Zara, muna da Gamzaki, muna da Kaza da 'Ya'yanta, sauran kuwa aikinku ne. In kin ƙirƙiro kalma, ki fara gwada ta a kunnen Hajiya. In ta yamutsa fuska, ki sake.

Wani abu kuma game da yara masu rubuto wasiƙa ko kiran waya. A 1975 wani saurayi baƙar fata ɗan shekara 17 daga unguwar Bronx, Neil deGrasse Tyson, ya nemi shiga Cornell. Sagan da kansa ya gayyato shi, ya ba shi yininsa na Asabar, ya zaga da shi wurin aikinsa, ya sa masa hannu a littafi, ya kai shi tashar mota. Ƙanƙara na zuba, sai ya rubuta masa lambar gidansa ya ce in motar ba ta zo ba ya kira, ya kwana wurinsu. Sagan ya rasu ranar 20 ga Disamba 1996 yana da shekara 62, bayan fama da cutar ɓargo. A 2014 wannan saurayin ne ya gabatar da sabon shirin Cosmos. In wani yaro ya kira ya tambaye ki me ya sa wata ke bin sa, don Allah ki amsa masa da kyau. Bashi ne a kaina.

Littattafan suna wurin direban da ya saba kawo miki saƙo, tare da ƙullin kuka da daddawa daga mamanki. Ki lallaɓa Cosmos ɗin, shafukan tsakiya sun fara fita. Alamomin jan biro nawa ne. In kin amince musu, ki sanar da ni rana da lokaci da wuri, in sayo wa Hajiya batir.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki sa'a.

Mahaifinki.