Wasiƙa zuwa ga Kabiru a kan wardin sabon gidansa

Assalamu alaikum Malam Kabiru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma gajiyar tariya ta bi lafiya. Saƙonka ya iso, tare da hotunan wardin nan uku da ka tarar a bayan gida. Ka ce hunturu ya fara naɗe tabarmarsa, har ka sayo buhun taki kana jiran ranar hutu ka zuba. Don Allah ka jingine buhun nan tukuna. Shi ya sa na zauna na rubuto maka maimakon in kira ka mu yi magana a tsaitsaye.

Wardin da ya fito daga sanyi barci yake yi, saiwarsa ba ta fara ci ba. In ka zuba taki yanzu, ruwan sama zai wanke mafi yawansa ya wuce da shi. Itacen da kansa zai sanar da kai lokaci. Ka matsa kusa ka dubi ƙananan idanun da ke jikin reshe. Ranar da ka ga sun kumbura sun yi jajaja, kuma sanyin nan mai daskarar da ruwa ya ja baya, to aski za ka fara yi masa. Taki sai daga baya, idan sabon toho ya kai kamar santimita 10.

Askin nan shi ne rabin aikin. Ka wasa almakashinka, ka goge bakinsa da sifirit, musamman in za ka tashi daga wani itacen zuwa wani, saboda cuta tana bin ƙarfe. Ka sa safar hannu mai kauri, ƙayar wardi ba ta da kunya. Fara da busassun rassa da waɗanda suka yi baƙi. Idan ka yanka ka ga cikin karan ruwan ƙasa ne, ka ƙara sauka ƙasa kaɗan kaɗan har sai ka iske fari tas, nan ne rai yake. Duk reshen da bai kai kaurin fensir ba ka cire shi, haka ma waɗanda suka gitta juna suna gogayya. Abin da ake so shi ne tsakiyar itacen ta buɗe kamar ƙwarya, iska da rana su shiga. Wurin yankan kuma, ka nemi idon da ke kallon waje, ka datse kamar rabin santimita a samansa, a karkace, yadda ruwa zai zurare ta bayan idon. Sabon reshe inda idon ke kallo yake nufa.

Amma na jikin katangar nan, mai dogayen rassa, ka bi shi a hankali. Wasu masu hawa sau ɗaya suke fure a shekara, a jikin rassan bara. In ka aske shi yanzu ka zubar da furen bana ke nan. Ka cire masa matattu kawai, ka zuba ido wannan shekarar ka ga halinsa.

To, maganar taki. Ka san wardin nan nawa mai ruwan hoda da kake yawan tambayar sunansa? Saura ƙiris in rasa shi a shekararsa ta farko. Na samu ɗanyen kashin kaji, na tula masa a gindi, ina ganin gata nake masa. Kwana huɗu na fito da safe na tarar gefen ganyen duk ya ƙone ya nannaɗe, kamar an kara masa wuta, sabon tohon ya langaɓe. Haka na durƙusa na kwashe da hannu, na yi ta kwarara ruwa har mako guda. Ya rayu, amma shekarar ko fure ɗaya bai ba ni ba. Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Takin dabba sai ya ruɓe sarai, ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu, sannan ya kusanci wardi.

Na zamani kuma, ka duba lambobi ukun da ke jikin buhun. Na farko naitirojin ne, mai kawo ganye da tsiro. Na biyu fosfaras, na saiwa. Na uku fotashiyam, shi ke taimaka wa fure da ƙarfin jiki. In lambobin sun yi daidai da juna, kamar 10-10-10, ko kuma an rubuta na wardi ne, ya wadatar. Wanda na farkonsa ya yi wa sauran nisa, irin wanda ake zuba wa ciyawar tsakar gida, kada ka kai shi wurin. Zai ba ka ganye kore shar, fure kaɗan, ga toho mai laushi da darɓa ke rububi. Ka auna yadda aka rubuta, in ma za ka kuskure to ka kuskure ta wajen ragewa. Ka jiƙa ƙasar tun jajibiri, ka barbaɗa a kewaye daidai inda rassan suka kai, nesa da kara, ka ɗan cakuɗa da yatsu ba tare da ka tono saiwa ba, sannan ka sake ba da ruwa. Zubi na biyu sai furen farko ya gama. Ka tsaya gaba ɗaya mako 6 zuwa 8 kafin sanyi mai daskarewa ya dawo, don kada ya tarar da ɗanyen toho.

Wani abu kuma na hango a hoton na tsakiya: ganyen da ya rage ya yi rawaya amma jijiyoyinsa kore ne. Sau da yawa wannan alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce, kuma ba lalle ƙasar ce ta rasa shi ba. Wardi ya fi son ƙasa mai ɗan tsami, ma'aunin pH tsakanin 6 da 6.5. In ya haura 7 sosai, ƙarfen yana nan amma saiwa ba ta iya ɗauka, ko buhu nawa ka zuba. Ka gwada ƙasar kafin ka ƙara komai.

Bayan taki ka lulluɓe gindin da ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace, kaurin santimita 5 ko ɗan fiye, amma kada ya taɓa karan. Kafin nan ka share duk tsohon ganyen da ya zuba ka fitar da shi daga lambun, domin cutar baƙin ɗigo a jikinsa take kwana har sanyi ya wuce. Ban ruwa da safe, a gindi, mai yawa lokaci guda ya ratsa ƙasa, ya fi yayyafi kullum. Ganyen da ya kwana a jiƙe shi cutar take kamawa.

Ka tone gindin na tsakiyan nan kaɗan ka ɗauko min hoto. Akwai wani reshe miƙaƙƙe da nake zargin daga ƙasan wurin auren ya fito, wato inda aka haɗa karan wardin da saiwar wani irin daban. In haka ne, na uwar saiwar ne, kuma fizge shi ake yi daga tushe, in aka yanka sai ya dawo da 'yan'uwansa.

Ka gaishe min da maman yara da su Abba. Allah ya sa ku shiga gidan a sa'a, ya sada mu da alheri.

Naka amini,
Yusuf