Wasiƙa Zuwa ga Aminina a Kan Bashin Asibiti a Amurka

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi maka barka da arziki tunda an sallami yaron, Allah Ya ƙara masa lafiya. Na ga hoton takardar kuɗin da asibitin ya aiko maka, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne niyyar da ka ce ka yi ta biyan kuɗin gaba ɗaya da katin bashi kafin ƙarshen wata, don gudun kada sunanka ya ɓaci a wurin bankuna. Don girman Allah ka dakata tukuna.

A gida mun saba da a ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa majinyaci, mutum ya zaga dangi ya haɗo abin da ya samu. A nan kuwa, wata doka ta 1986 ta wajabta wa sashen gaggawa duba mutum ko ba shi da ko sisi, sai bayan ka koma gida takardu su fara biyo ka ta gidan waya, wannan daga asibiti, wannan daga likitan da ya yi allurar barci, waccan daga motar da ta ɗauko mara lafiyan. Dole hankalin baƙo ya tashi.

Manyan kamfanoni uku ne ke ajiye tarihin bashin jama'a a ƙasar nan, wato Equifax da Experian da TransUnion, kuma daga rahotonsu ake fitar da makin da ke tsakanin 300 da 850, wanda banki da dillalin mota da mai gidan haya suke dubawa kafin su amince da kai. Sai dai kuɗin asibiti ba ya shiga rahoton nan don kawai an aiko maka da takarda. Yana shiga ne bayan an miƙa shi ga kamfanin karɓo bashi, kuma tun daga Yulin 2022 kamfanonin uku sun amince su jira shekara guda cur kafin su rubuta shi, su kuma goge shi da zarar an biya. Daga Afrilun 2023 ma sun daina rubuta wanda bai kai dala 500 ba. Ke nan kana da sarari fiye da yadda kake tsammani.

To, ranar da ka goga katinka a teburin karɓar kuɗi, duk wannan rangwame ya tafi, domin bashin ya tashi daga na asibiti ya koma na kati, daidai da na wanda ya sayi talabijin. Idan ka makara da biya na kwana 30 za a iya rubuta maka shi nan take, kuɗin ruwa kuma kan haura kashi 20 cikin 100 a shekara, sannan cika katin da kansa yana rage maki ko da kana biya a kan kari. Asibitoci da yawa kuwa suna yarda a riƙa biya kaɗan-kaɗan ba tare da ruwa ba, kuma na san yadda kake ƙyamar riba. Ka yi hattara kuma da katin jinya da wasu asibitoci ke tallatawa da sunan taimako, domin idan wa'adin da aka ba ka na biya ba tare da ruwa ba ya cika ba ka gama biya ba, sai a lissafa maka ruwan tun daga ranar farko.

Ba ina nufin ka jefa takardar a aljihun tebur ka manta ba. A Janairun 2025 hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, CFPB, ta fitar da ƙa'idar da za ta cire bashin asibiti na kusan dala biliyan 49 daga rahoton mutum miliyan 15, amma wata kotun tarayya a Texas ta soke ta a Yulin shekarar. Jihohi irin su Colorado da New York da California sun yi nasu dokokin, amma ni ba zan so ka dogara da abin da ake ta ja-in-ja a kansa ba. Babban bashin da ba a biya ba yana iya zama a rahoto har shekara bakwai, kuma masu ba da rancen sayen gida galibi suna aiki da tsofaffin hanyoyin lissafin maki, waɗanda ba sa sassauta wa bashin jinya. Kai kuwa ka ce kana son sayen gida.

Ka fara da neman a ba ka lissafin dalla-dalla, ka gwada shi da takardar bayanin da kamfanin inshora ya aiko, domin ana samun abin da aka caja sau biyu ko wanda ba a tura wa inshora ba. Tun daga Janairun 2022 doka ta hana a ɗora maka ƙarin kuɗi a jinyar gaggawa da hujjar cewa likitan ba ya cikin tsarin inshorarka, ko da yake motar asibiti ba ta cikin wannan kariya. Idan kuma asibitin na cikin waɗanda ba don riba aka kafa su ba, tilas ne yana da shirin yafe kuɗi ko rage shi ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma kana da kwana 240 daga takardar farko don ka cike fom. Na san halinka, za ka ce wannan tamkar bara ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma shirin nan haƙƙi ne da asibitin ke saukewa a madadin harajin da aka ɗauke masa.

Duk yarjejeniyar da kuka yi a waya, ka nemi a aiko maka da ita a rubuce. Idan lissafin ya iso, ka turo mini mu duba tare. Ka gaida uwargida da yara, ka yi wa majinyacinmu sannu.

Wassalam,
Amininka